Ɗan wasa mai shekara 17 ya cire min haƙori a fili, in janye ƙara ko in bari a je kotu?

Mai Usur:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema, kuma don Allah duk wanda zai ba ni ya daure ya karanta har ƙarshe, yau kwana biyar kenan maganar nan ta hana ni barci.

Ni malamin firamare ne, da yamma kuma ina busa ƙwallo a gasannin unguwa, shekarata tara ina yi. Ranar Asabar da ta wuce aka ba ni wasan kusa da na ƙarshe a wata gasar 'yan ƙasa da shekara 18 da ake bugawa a filin wata makaranta nan garinmu, ba zan kama sunan kulob ko na yaron ba don ba tonon silili ya kawo ni ba. Ana ɗaya da ɗaya saura kamar minti shida a tashi, ɗan bayansu ya kwashe ƙafar ɗan gaba a cikin yadi na 18, a kan idona aka yi ban fi taku goma da wurin ba, na busa fanareti. To shi wanda ya yi ƙetar dama yana da yalo tun kafin a je hutun rabin lokaci, sai ya taho yana zagina har da ambaton mahaifiyata, na zaro ja na ɗaga masa. Na sunkuyar da kai ina rubuta lambar rigarsa kenan sai ji na yi kamar an maka min bulo a baki. Haƙorina ɗaya na gaba ya fita nan take, na kusa da shi har yanzu girgiɗi yake, leɓe kuma sai da aka yi min ɗinki huɗu. Da na faɗi akwai waɗanda suka sa min ƙafa a haƙarƙari amma ban ga fuskarsu ba, shi dai na farkon kowa ya gan shi, har bidiyo akwai a wayoyin mutane.

Ƙanena ne ya ɗauke ni a babur zuwa asibiti, daga can muka wuce caji ofis muka ba da rahoto, a daren aka kamo yaron ya kwana biyu kafin kawunsa ya yi belinsa. Tun daga ranar gidana bai rabu da baƙi ba. Mai unguwarsu ya zo, limaminsu ya aiko, kocinsu ya zo har sau biyu, jiya kuma mahaifiyarsa ce da kanta ta zo ta durƙusa gaban Hajiyarmu tana kuka, maraya ne, shi ne babba a ɗakinta, bana zai zana jarabawar gama sakandare, in aka kai shi kotu rayuwarsa ta lalace. Hajiya tun jiya take ce min in bar wa Allah. Su kuma 'yan uwana masu busa wasa sun ce wallahi in na janye na ci amanarsu, don wannan ne karo na uku a bana da aka daki ɗayanmu a gasar yara kuma kullum da "a yi haƙuri" ake ƙarewa.

Ni gaskiya zuciyata ta rabu biyu. In na kalli madubi raina ɓaci yake, naira dubu uku aka ba ni kuɗin wasan, abin da na kashe a asibiti ya ninka haka sau da yawa kuma ba a ma zo maganar sa wani haƙorin ba. In kuma na tuna ni malami ne, sa'annin ƙannensa nake koyarwa, sai in ji ba zan iya zama sanadin shigar ɗan wani gidan yari ba. Tambayata ita ce, yaro ɗan 17 da ya daki alƙalin wasa, hukuncinsa na masu shirya gasa ne kawai a kore shi shikenan, ko kuwa laifi ne kamar kowane laifi da ya kamata alƙalin kotu ya duba? Ranar Litinin aka ce mu koma wajen DPO.

Tsohon Lasman:

Wa alaikumus salam. Sannu Malam, Allah ya ba ka lafiya ya sa kaffara ne. Ni shekara goma sha huɗu na yi ina riƙe tuta a gefen fili kafin gwiwa ta zaunar da ni, kuma ba zan yi maka kwana-kwana ba, kar ka janye.

Da na karanta inda ka ce kana sunkuye kana rubutu sai da tsigar jikina ta tashi, domin haka aka yi wa wani rafali a Amurka mai suna Ricardo Portillo a jihar Utah cikin watan Afrilun 2013. Wasan yara ne na ƙarshen mako irin namu, gola ɗan shekara 17 ya ture wani, ya ba shi yalo, yalo fa ba ja ba, yana cikin rubutawa yaron ya kai masa naushi ɗaya tak a gefen kai. Da farko kamar ba komai, can sai jiri, sai aman jini, aka kai shi asibiti ya yi mako guda bai san inda kansa yake ba sannan ya cika, yana da shekara 46 ya bar 'ya'ya mata uku. Naushi ɗaya.

Kusan wata biyar kafin nan a ƙasar Holan, ranar 2 ga Disamba 2012 a garin Almere, wani mutum Richard Nieuwenhuizen ɗan shekara 41 ya riƙe tuta kyauta a wasan da ɗansa na cikinsa yake bugawa, aka tashi biyu da biyu, yaran ɗaya kulob ɗin da suka zo daga Amsterdam 'yan shekara 15 da 16 suka kayar da shi suka dinga ƙwallo da kansa da wuyansa. Ya tashi da ƙafarsa, bayan 'yan sa'o'i ya yanke jiki ya faɗi, washegari ya rasu. Ka san abin da suka yi a can? Hukumar ƙwallonsu ta soke duk wasannin da ba na ƙwararru ba na wannan makon, wasa wajen 33,000, a watan Yunin 2013 kuma kotu ta ɗaure mahaifin ɗaya daga cikin yaran shekara 6 don da shi aka yi dukan, yara biyar aka ba su shekara bibbiyu a gidan tsare yara, ɗaya aka ba shi shekara guda. Ba wanda ya ce ai yara ne, ai zafin wasa ne.

Malam, abin da ya raba ka da mutanen nan biyu inda hannun ya sauka ne kawai da kuma sauran kwana a gaba. Waɗanda suke zarya gidanka yau da ta'aziyya za su zo yi.

Mu a nan me muka saba gani? Ka tuna wasan Pillars da Rangers a filin Agege a 2019 da 'yan kallo suka afka fili bayan an tashi, abin da ya biyo baya tarar naira miliyan 8 ne a kan Pillars da dakatar da kyaftin ɗinsu wasa 12. Tara, kwashe maki, mayar da kulob wani gari, kulob ne yake biya shi kuwa wanda ya ɗaga hannu ya tafi gida ya ci tuwonsa. Yaran unguwa kuma suna kallo suna koyo. Ni da idona na ga an fasa wa abokin aikina kai da dutse a wasan yara, aka taru aka ba shi haƙuri da kuɗin allura, bayan wata biyu yaron nan yana buga wa wani kulob a wata unguwa. Shi kuma abokin nawa daga ranar bai ƙara taɓa usur ba. Haka muke ta rasa masu busa wasa na ƙwarai.

Maman Khalifa:

Sannu Malam, Allah ya ƙara sauƙi. Baba Lasman na ji maganarka kuma ban raina ta ba, amma ka yi haƙuri zan saɓa maka.

Holan da Amurka da kake kawowa, in sun ce gidan tsare yara to gidan tsare yara ne, da makaranta a ciki da masu kula da tarbiyya. Mu fa? Ni ɗan yayata aka taɓa kamawa a faɗan unguwa yana ɗan 16, aka rubuta masa 19 a takarda, ya yi wata bakwai yana jiran shari'a cikin manya. Yaron da ko sigari bai taɓa sha ba ya fito ya san sunan kowace ƙwaya, ya san wa ake gani in ana son makami, har yau ba mu samo kansa ba, uwarsa hawan jini ya kama ta ta dalilinsa. In ka tura wannan yaron can haƙorinka ba zai dawo ba, kuma unguwarsu ta samu ƙarin ɗan daba ɗaya.

Ban ce a shafa masa kai ba fa. Abin da ya yi mummuna ne, wanda zai zagi uwar babba sa'an mahaifinsa a bainar jama'a sannan ya ɗaga masa hannu akwai gyara babba a tarbiyyarsa. A hana shi ƙwallo, danginsa su biya kuɗin magani har da na haƙori ko da gona za su jinginar, ya zo filin da ya yi abin a gaban yaran da suka gani ya durƙusa ya ba da haƙuri. Wannan kunyar ta fi zauna wa yaro a rai fiye da ɗakin da ba wanda ya san shi a ciki. Amma uwar nan da ta durƙusa wa mahaifiyarka, ɗan kuka ne ya ja mata jifa, ita ba ta daki kowa ba, kuma duk kwanan da zai yi a tsare ita ce za ta yi shi a tsaye.

Kuma Baba, shi wancan yaron na Utah ai a kotun yara aka ƙare shari'arsa ba ta manya ba, har alƙaliyar ta sa a liƙa masa hoton mamacin a ɗakin da yake tsare, ya dinga rubuta wa 'ya'yansa wasiƙa duk mako yana faɗa musu abin da yake yi don gyara halinsa. Ka ga ko su da rai ya salwanta gyaran yaron suka sa a gaba.

Barista:

Malam sannu da jiki. Ina ga akwai abin da ya cakuɗe a maganar, kowa yana ɗauka hanya biyu ce kawai, ko ka janye ko yaro ya tafi gidan yari, alhali ba haka doka ta tsara ba.

Da farko dai tambayarka, e laifi ne, farin layin da aka zana a fili ba ya hana dokar ƙasa shiga. Ɗan wasa in ya shiga fili ya yarda da abin da ƙwallo ta gada, karo, taka ƙafa, har karaya in ta zo a neman ƙwallo. Amma ba wanda ya yarda a naushe shi a baki, balle alƙalin wasa da ko ƙwallon ba ya nema. A Sikotilan a 1995 an ɗaure Duncan Ferguson wata uku saboda karon kai da ya yi wa wani ɗan wasa yana buga wa Rangers, ya yi kwana 44 a gidan yari, shi ɗan wasa ma ya yi wa ba rafali ba. Faransa kuwa tun 2006 ta yi doka da ta ɗauki alƙalin wasa a matsayin mai aikin hukuma, wanda ya dake shi hukuncinsa ya fi na dukan gama-gari nauyi. Hukuncin hukumar ƙwallo daban na kotu daban, ɗaya ba ya goge ɗaya, ita FIFA a dokarta mafi ƙarancin dakatarwa ga wanda ya daki alƙalin wasa shi ne wasa 15.

A dokar Pinal Kod da muke aiki da ita a Arewa, wanda bai kai shekara 7 ba ne ba a kama shi da laifi kwata-kwata, daga 7 zuwa 12 kuma sai an duba ko hankalinsa ya kai ya gane abin da ya aikata. Ɗan 17 ya wuce nan nesa. Kuma karya ƙashi ko cire haƙori yana cikin abin da dokar ta lissafa a matsayin mummunan rauni, ba a sahun mari ko ture mutum yake ba, don haka kar wani ya ce maka ƙaramin abu ne.

To amma ga inda Hajiya Maman Khalifa take da gaskiya. Dokar haƙƙin yara ta tarayya ta 2003 ta ce duk wanda bai kai 18 ba yaro ne, shari'arsa ta kotun iyali ce ba a bainar jama'a ba, ba a buga sunansa, kuma ta hana a tura shi gidan yari irin na manya. Abin da ta ba alƙali ya haɗa da sa shi ƙarƙashin kulawar jami'in jin daɗin jama'a, sa shi aikin al'umma, tilasta wa iyaye ko mai riƙonsa biyan diyya, tsarewa a gidan yara kuma sai in ba makawa. Har 'yan sanda da mai gabatar da ƙara ta ba su damar kashe ƙaramar magana ta hanyar sasanci da biyan diyya ba tare da an je gaban alƙali ba. Jihohi kowace da irin tata, Kano ta sa wa tata hannu a 2023, sai ka nemi lauya a garinku ya duba maka ta jiharku. Matsalar a aikace take, gidajen horon matasa na tarayya da aka daɗe da sani uku ne, Kaduna da Ilorin da Abeokuta, ga ƙasa mai yawan mutane irin tamu, shi ya sa ake ƙara wa yaro shekaru a takarda a cusa shi cikin manya kamar yadda ta faɗa.

Shawarata, ranar Litinin kar ka je ka ce "na yafe" da baki kawai a rufe fayil. Ka je da takardar likita mai hatimi, da rasiɗin duk abin da ka kashe, da bidiyon, da kwafin rahoton wasa da ka rubuta wa masu gasa. Su kuma su kawo takardar haihuwar yaron ta gaskiya, don kai ma ka san shekarun ƙwallo daban na haihuwa daban, in ya tashi ɗan 21 ne ya saje cikin yara to duk wannan sassaucin bai shafe shi ba. In sulhu za ka yi a yi shi a rubuce da sharuɗɗa da shaidu da ranar biya, a kuma rubuta cewa in an saɓa magana ta koma kotu.

Ɗan Gefen Fili:

Allah ya ba ka lafiya Malam, ba da kai nake ba, amma a dinga faɗin gaskiya duka, in ɓera da sata daddawa ma da wari. Sau nawa muka ga rafali ya karɓi na goro kafin wasa? Yara sun yi wata uku suna tirenin da yunwa, sun yi karo-karo sun biya kuɗin shiga gasa sun ɗauko mota, mutum ɗaya ya sayar da su a minti na 90 kuma ba inda za su kai ƙara. In za a fara kai yara kotu to a fara kai masu cin hancin ma.

Tsohon Lasman:

Ɗana, akwai masu karɓa, ban musa ba, na san wasu kuma na daina gaisawa da su saboda haka. A kai su kotun, ni zan fara ba da shaida. Amma wanda aka cuta a fili takardar ƙorafi yake rubutawa, ba haƙorin mutum yake cirewa ba. Kuma yawanci wanda ake duka shi ne wanda ya ƙi karɓa ya busa gaskiya a gidan masu gida.

Koci Mai Yara:

Ni yara nake horarwa shekara goma sha ɗaya, 'yan 13 zuwa 17, kuma abin da ban ji kowa ya tambaya ba shi ne, kocinsu da ya zo gidanka sau biyu, a ina yake tsaye lokacin da abin ya faru kuma me yake faɗa tun daga farkon wasa? Wallahi yaro ba ya tashi haka kawai ya daki rafali. Tun minti na biyar yake jin kocinsa yana ihu an saye shi, yana jin manyan unguwa a bakin layi suna cewa yau ba zai fita da ƙafarsa ba, wasunsu sun zuba kuɗi a caca a kan wasan yaran da ko takalmin kirki ba su da shi. Zuwa minti na 84 an gama ɗura shi, shi dai hannu ne kawai.

A jihar Texas a 2015 an yi irin wannan a wasan ƙwallon Amurka na 'yan sakandare, yara biyu suka rugo da gudu ɗaya ya banke alƙalin wasa ta baya ɗayan ya faɗa masa yana ƙasa, bidiyon ya zaga duniya kowa yana tsine wa yaran. Da aka bincika sai ga shi mataimakin kocinsu ne ya sa su, ya ajiye aiki, daga baya ya amsa laifinsa a kotu aka hukunta shi. Ka dubi Turkiyya a Disambar 2023, shugaban kulob ɗin Ankaragucu da kansa, Faruk Koca, tsohon ɗan majalisa, ya sauko fili ya naushi alƙalin wasa Halil Umut Meler a fuska bayan an tashi ɗaya da ɗaya da Rizespor, har aka dakatar da gasar ƙasar gaba ɗaya na 'yan kwanaki, aka hana shi harkar ƙwallo har abada, kotu kuma ta yanke masa sama da shekara 3. In mai furfura yana haka me kake so ɗan 17 ya yi?

Ni ina goyon bayan a hukunta yaron, amma in shi kaɗai aka kama aka bar waɗanda suka sa maka ƙafa kana ƙasa da waɗanda suka zuga shi, to an kama mai rauni ne kawai saboda maraya ne ba shi da kowa. Masu shirya gasar ma suna da nasu, wasan kusa da na ƙarshe ba ɗan sanda ko ɗaya, ba 'yan sintiri, ba ko igiya tsakanin 'yan kallo da fili, amma sun iya karɓar kuɗin rajista. Ni a kulob ɗina doka ce, kyaftin kaɗai ke magana da rafali, wanda ya buɗe baki ko shi ne ya fi kowa ci sai ya huta wasa biyu, na taɓa rasa kofi saboda haka kuma ban yi nadama ba.

Almajiri:

Allah ya ba Malam lafiya. Tunda an kawo maganar "a bar wa Allah" bari in ɗan tsoma baki da abin da muka karanta a gaban malamanmu.

Hadisi ya tabbata cewa an ɗauke alƙalami daga kan yaro har sai ya balaga. Amma yaro a fiƙihu ba shi ne ɗan ƙasa da 18 na takarda ba, balaga da alamominta ake gane ta, shekara 18 a mazhabarmu ta Malikiyya sai ga wanda alama ba ta bayyana masa ba. Saurayin da yake buga minti 90 har ya iya cire wa magidanci haƙori da hannu ɗaya, galibi mukallafi ne, sallah ta hau kansa haƙƙin mutane ma ya hau. Aya ta 45 a Suratul Ma'ida ta ambaci haƙori da haƙori da sunansa, hukuma ce kuma take tsayar da wannan ba mutum da kansa ba, diyyar haƙori ɗaya kuwa raƙuma biyar ce. Ko da ma a ce bai balaga ba, a Risala an ce gangancin yaro kamar kuskure yake, ba a yi masa ƙisasi amma diyya ba ta faɗuwa. Ka ga ta kowace fuska haƙƙinka yana nan, ba roƙo kake ba.

Yafiya kuma alheri ce babba, amma ayar Suratus Shura cewa ta yi wanda ya yafe kuma ya gyara ladansa yana wajen Allah, an haɗa yafiya da gyara. Yafiyar da za ta sa gobe a fasa wa wani kai ba ita ake nufi ba, wadda aka matsa wa mutum ya yi don kunyar manya ita ma da sauranta. Malamanmu ma sun ce wanda ya yi kisan ganganci aka yafe masa, hukuma za ta yi masa bulala 100 ta tsare shi shekara guda, domin bayan haƙƙin wanda aka cuta akwai na jama'a. Kana iya yafe naka don Allah da kuma darajar Hajiya, ka bar hukuma ta yi ladabtarwar da ta dace da shekarunsa, ba ka saɓa wa mahaifiyarka ba kuma ba ka ci amanar abokan aikinka ba.

Mai Usur:

Na gode ƙwarai 'yan uwa, Allah ya saka da alheri, na karanta duka har sau biyu kuma na karanta wa Hajiya ta Almajiri da ta Maman Khalifa.

Jiya bayan isha'i yaron ya zo da kansa, karo na farko kenan da na gan shi tun ranar, da kawunsa suka zo. Ya kasa haɗa ido da ni. Na yi masa tambayar Koci, ya daɗe bai ce komai ba sannan ya ce tun a hutun rabin lokaci wani babba a cikin masu ɗaukar nauyin kulob ɗin ya ce musu an saye ni, in na ba da fanareti kar su bar ni. Kawun ya kawo takardar haihuwa ta asibiti, 17 ɗin gaskiya ce, sai watan Nuwamba zai cika 18.

Abin da na yanke, gobe ba zan ce na janye ba kuma ba zan nemi a tsare shi ba. Zan nemi a yi a rubuce kamar yadda Barista ya ce, su biya magani da haƙori ko da kaɗan-kaɗan ne, shekara biyu ba ya buga kowace gasa, a haɗa shi da jami'in jin daɗin jama'a, sannan ya maimaita a gaban DPO abin da ya faɗa min a kan mutumin nan don a kira shi shi ma. Ƙungiyarmu kuma za ta rubuta wa hukumar ƙwallo ta jiha cewa ba za mu ƙara busa wasan da ba tsaro ba. Barista, takardar likitan da ke hannuna ta asibitin kuɗi ce, za su karɓa ko sai na je na gwamnati?

Barista:

Ka je na gwamnati da safe kafin ka wuce caji ofis, ta fi ƙarfi in magana ta kai kotu, ka haɗa da ta farkon kar ka yar. Ka yi hoton kowace takarda ka ajiye a gida, kuma kar ka sa hannu a kan abin da ba ka karanta da kanka ba.

Tsohon Lasman:

Ni dai har yanzu na fi son alƙali ya ji maganar nan ko da na kotun yara ne, amma haƙorinka ne Malam. Ka sa ƙanenka ya tattaro bidiyon daga waya fiye da ɗaya kafin a fara gogewa, waɗanda suka sa maka ƙafa za su fito a ciki.